A fara ware kuɗin gyara kafin a aza sabon harsashi

Abin da ya fi durƙusar da ƙaramin gari shi ne mutuwar ayyukan da aka riga aka yi. Famfo ya ba da ruwa shekara biyu, sai ya tsaya saboda roba ɗaya ta cinye. Yashi ya toshe kwalbati har ruwa ya bi ta kan titi ya yanke shi. Batirin firjin asibiti ya mutu, motar kwasar shara kuma tana jingine a bayan sakatariya ana jiran taya. Ra'ayina shi ne, bai kamata majalisar ƙaramar hukuma ta amince da sabon aiki ko ɗaya a shekara ba, sai ta fara ware kuɗin kula da abin da ke hannunta, ta zuba su a asusu na daban, ta kuma rubuta sunan wanda zai amsa tambaya a kan kowane abu. Na san wannan magana ba ta jawo tafi a wurin taro, amma a nan ne dukiyar talakawa take zurarewa fiye da ko'ina.

Matakin farko ba ya cin kuɗi, littafi ɗaya ne na kadarorin hukuma. A cikinsa kowace rijiyar burtsatse, kowane kwalbati, kowane aji, kowane janareta da kowace mota suna da layinsu: lambar da aka rubuta da fenti a jikin abin, unguwar da yake, shekarar da aka yi shi, wanda ya yi shi, irinsa da girmansa, halin da yake ciki, ranar da aka duba shi na ƙarshe, da sunan ma'aikacin da ke kula da shi. Suna nake nufi, na mutum mai rai, domin idan aka rubuta "sashen ayyuka" kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ne zai je. Ma'aikata uku ko huɗu a kan babur za su iya zagaye ƙaramin gari su cika wannan littafi cikin 'yan makonni. Hukumar da ba ta san adadin famfunanta ba, ba yadda za a yi ta san abin da za ta kashe a kansu, don haka duk lambar da ta rubuta a kasafi a ƙarƙashin "gyare-gyare" shaci-faɗi ne.

Zan daɗe a kan ruwa, domin nan ne sakaci yake saurin komawa cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha da girki da ɗan wanke hannu. Garin da ke da mutum 20,000 ke nan yana bukatar lita 400,000 kullum, kafin a yi maganar wanka sosai, wanki, dabbobi ko masu sana'a. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne kada famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ya ɗauki sama da mutum 500. Idan famfo uku cikin goma suka tsaya, mutanensu ba su daina shan ruwa ba. Wasu za su koma kan sauran bakwai ɗin, su yi ta tuƙawa daga asuba har dare, waɗannan ma su gaji da wuri. Wasu kuma su koma kududdufi da buɗaɗɗiyar rijiya.

Abin da ke tsayar da famfon tuƙa-tuƙa galibi ƙanana ne: robar da ke riƙe ruwa a cikin silinda, bawul ɗin ƙasa, boris ɗin hannu, sarƙar da aka bari ba giris, noti da ya kwance. Kuma famfo yana nuna alama tun kafin ya mutu, ga mai son gani. Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi da bokiti da agogo. Na farko, a tuƙa hannu cikakke sau 40 a cikin minti ɗaya, a auna ruwan da ya fito. Lafiyayyen famfo yana ba da wajen lita 15 ko 16. Idan ya yi ƙasa da lita 10, robar ta cinye, a kira makanike. Na biyu, a bar famfon ya huta rabin awa, sannan a ƙirga tuƙi nawa za a yi kafin ruwa ya fito. Idan ya wuce biyar, ruwa yana zurarewa ƙasa, ko dai ta bawul ko ta mahaɗin bututu. Wannan gwaji ba ya kai minti 40, kuma sau ɗaya a wata ya isa. Idan aka ƙi yin sa, mutane za su ci gaba da tuƙawa da ƙarfi, sandar ciki ta riƙa gugar bututu, daga ƙarshe ta tsinke ta faɗa rami, gyaran da roba ɗaya za ta yi ya koma neman mai kamo ƙarfe daga zurfin mita 40.

Irin famfon da aka saya ma hukunci ne na shugabanci, ko da yake ana barinsa ga ɗan kwangila. Famfon tuƙa-tuƙa da ake kira India Mark II yana da ƙarfi, amma kafin a canza robarsa sai an zaro bututun ƙarfe gaba ɗaya, tsayin kowanne mita 3, da ƙwararren makanike da mataimaka da kayan ɗagawa. Wanda ake kira Afridev kuwa an ƙera shi ne yadda mutum biyu da sifana ɗaya za su zaro abin tuƙin ta cikin bututun roba ba tare da ɗaga bututun ba. Sannan inda ruwan ƙasa yake da tsami, bututun ƙarfe yana yin tsatsa cikin 'yan shekaru, ruwa ya yi ja, mutane su guje shi. Gwajin ruwa kafin a ɗaura famfo zai nuna hakan. Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne gari ya tsaya a kan iri ɗaya ko biyu. Garin da ya tara famfo iri shida daga masu ba da taimako shida, yana bukatar kayan gyara iri shida da makanikai da suka san dukkansu, kuma babu ƙaramin garin da ke da wannan halin. Ya kamata shugaba ya iya cewa mai kyauta: mun gode, amma ga irin da muke amfani da shi.

Rijiyar da ke aiki da inji tana da nata masifun, kuma yawancinsu daga ranar haƙa suke farawa. Tun ran gini ran zane. Idan ba a yi gwajin jan ruwa na tsawon awa 24 ba don a san abin da rijiyar za ta iya bayarwa, sai a saka mata injin da ya fi ƙarfinta, ya zuƙe ruwan, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Na'urar da ke kashe inji idan ruwa ya sauka, da wadda ke kare shi daga wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuɗinsu ɗan kaɗan ne a kan kuɗin injin, amma su ake fara cirewa idan ana son rage farashin kwangila. Rijiyar da aka gwada a tsakiyar damina tana iya yaudara, ta nuna ruwa mai yawa, ta ƙafe a bazara. Bakin rijiya kuma dole a like shi da siminti zuwa 'yan mitoci a ƙasa, a nisanta shi da masai aƙalla mita 30, in ba haka ba ruwan sama zai wanko ƙazanta ya bi gefen bututu ya shiga. Duk wannan ana kiyaye shi da abu biyu a takardar kwangila: ba za a biya ba sai an miƙa rubutaccen bayanin rijiyar (zurfinta, inda aka saka abin tace ruwa, inda ruwa ya tsaya, sakamakon gwaji), kuma za a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin har ta yi wata shida ko shekara tana aiki.

Inda gari yake da tanki da bututun rarrabawa, akwai aiki na kullum da ba a gani, wato auna kulorin, maganin da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar ita ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan maganin ya yi rabin awa a cikin ruwa, kuma kada ya gaza 0.2 a famfon da ya fi nisa. Kada wani ya ɗauka talaucin gari ne kawai ke sa a yi sakaci da wannan. A watan Mayu na shekarar 2000, a Walkerton, wani gari mai mutum kusan 5,000 a lardin Ontario na ƙasar Kanada, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko ƙwayoyin cuta daga takin shanu zuwa ɗaya daga rijiyoyin garin. Mutum 7 suka mutu, fiye da 2,300 suka kwanta. Binciken da aka yi ya gano cewa masu kula da ruwan sun daɗe ba sa auna kulorin kullum yadda aka wajabta, suna cika littafi da lambobin ƙarya, waɗanda ke sama da su a hukumar garin kuma ba sa bin diddigi. Darasin da na ɗauka a nan shi ne littafi kaɗai ba ya kare kowa. Sai an sami mutum na biyu, wanda ba ya ƙarƙashin na farko, da zai zo ba sanarwa ya ɗebi ruwa ya auna da kansa, ya gwada da abin da aka rubuta.

Titi kuwa babban makiyinsa ruwa ne, kafin a zo maganar manyan motoci. Hanyar burji tana bukatar tsakiyarta ta ɗan ɗaga, ta gangara gefe da santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, don ruwa ya sauka cikin lambatu. Da zarar tayoyi sun danne wannan doron, ruwa ya kwanta, ƙasa ta yi laushi, rami ya buɗe. Gireda sau ɗaya ko biyu a shekara tana mayar da shi. Lambatu da kwalbati kuma a yashe su kafin saukar ruwan farko, a sake leƙa su bayan kowane babban ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka kwaso a ɗauke shi a ranar, don idan aka jibge shi a bakin lambatu ruwan gobe zai mayar da shi inda ya fito, an biya lebura a banza. Kwalbatin da faɗinsa bai kai santimita 60 ba yana da wuyar yashewa, na santimita 90 mutum zai iya shiga da shebur. A titin kwalta, ramin da aka zuba wa ƙasa da baraguzai ba a gyara shi ba. Sai an yanke gefensa murabba'i zuwa inda kwalta ke da lafiya, an share, an busar, an shafa ɗanyen kwalta, an cika hawa-hawa ana daddanna. A shekarar 1988 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na dala biliyan 45 cikin shekara 20, asarar da gyaran da bai kai na dala biliyan 12 ba zai iya hanawa. Lissafin bai canza ba don titin na ƙaramin gari ne.

Sauran ayyukan duk haka suke. Idan mutum yana fitar da shara kusan rabin kilo a rana, garin mutum 20,000 yana tara tan 10 kullum, kuma mota ɗaya da ta kwanta mako guda ta bar tan 70 a kan tituna, rabinsu a cikin lambatun da aka gama yashewa. Maganin rigakafi yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'auni safe da yamma a rubuta, kuma daskarewa tana lalata wasu irinsa kamar yadda zafi ke yi. Janareta yana son a juye masa mai kusan kowace awa 250 ta aiki, abin da ba zai yiwu ba idan ba mai rubuta awoyin. Fitilar titi mai aiki da hasken rana, faifanta zai haura shekara 20, batirinta kuwa 'yan shekaru ne. Wanda ya sayi fitila 200 bai tanadi kuɗin batir 200 ba, duhun yana nan tafe a rana ɗaya.

To, nawa za a ware? Injiniyoyi suna yawan amfani da kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na kuɗin da za a kashe idan za a sake gina abu yau, a kowace shekara, ga gine-gine. Injuna da motoci sun fi haka. Da littafin kadarori a hannu, ma'aji da injiniyan hukuma za su iya fitar da lambar a zama biyu. Abin da ya fi lissafin wuya shi ne kare kuɗin. Kuɗin gyara shi ne na farko da ake ranta idan baƙo zai zo ko albashi ya gaza, saboda ranar da aka ɗauke shi ba abin da ke rushewa, sai bayan shekara. Shi ya sa nake cewa asusu na daban, mai sa hannun mutum biyu, wanda ba a taɓa shi sai da takardar aiki mai ɗauke da lambar abin da za a gyara. A kuma ba shugaban sashe ikon kashe ƙaramin kuɗi nan take. Tsarin da zai sa takardar sayen roba ta bi tebur bakwai ta jira zaman majalisa, shi ke mayar da gyaran kwana biyu na wata uku. Sito ya ajiye kayan da aka san suna cinyewa, kowanne da katinsa da adadin da in an sauka zuwa gare shi za a sake saye.

Kuɗin shigar gari ma suna yoyo ta hanyoyin da kowa ya sani, kuma toshe su ba ya bukatar kwamfuta. Rasit mai lamba a jere, wanda ake sa hannu kafin a karɓi kundinsa. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban. A kai banki kullum. A wurin sayar da ruwa a ɗaura mita, a gwada litar da ta fita da kuɗin da aka kawo. Game da biyan kuɗin ruwa, ni ina goyon bayan ɗan abin da bai fi ƙarfin talaka ba, muddin kuɗin suna komawa kan famfon da aka karɓe su, kuma an yafe wa marasa hali a fili. Ruwan da aka ce kyauta ne, alhali ba a nuna layin da zai biya gyaransa a kasafi ba, mata da yara ne ke biyansa da ƙafafunsu idan ya tsaya.

Sannan a liƙa komai a bango. A Yuganda, binciken da aka yi a 1996 ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin tallafin ɗalibai da gwamnati ke turawa yake isa makarantun firamare. Gwamnati ta fara buga abin da take tura wa kowace gunduma a jaridu, ta sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Ƙaramin gari ya fi kowa sauƙin yin haka, tunda kowa ya san kowa. Takarda ɗaya duk wata uku a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa: abin da ya shigo, abin da aka kashe a gyara, abubuwa nawa suka tsaya, kwana nawa kowanne ya yi a tsaye.

Akwai masu cewa garin da ba shi da komai ba gyara yake bukata ba, gini yake bukata. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Unguwar da ba ta taɓa samun famfo ba, ba za a ce ta jira har abada ba, kuma ban ce a daina gini ba. Abin da nake nema shi ne kowane sabon aiki ya zo majalisa da shafi na biyu: nawa zai ci a shekara, daga wane layi, wa zai kula da shi, ina ake samun kayan gyaransa. Kuma kafin a haƙa sabuwar rijiya a duba matacciyar da ke kusa. Sau da yawa ramin lafiya lau yake, kuma kuɗin haƙa ɗaya zai tayar da matattu da dama.

Wasu kuma za su ce albashi ya cinye komai, ba abin da ya rage. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma a wurare da yawa gaskiya ce. Amma ta nuna wani abu: hukumar tana biyan mutane, ba ta ba su kayan aiki. Lebura goma da ba su da shebur da baro, makanike da ba shi da sifana ko man babur, albashinsu asara ce. Ƙara ɗan kaɗan a kan abin da ake riga ake biya shi ne zai sa babban kuɗin ya yi amfani. Kuma a tantance ma'aikata ido da ido, a ga waye ke nan, waye suna ne kawai a takarda.

Laifin bai tsaya ga masu mulki ba. Mu ma mazauna gari muna yaba wanda ya kafa allo da sunansa, ba ma tuna wanda ya sa aka yashe lambatu a kan lokaci, saboda ambaliyar da ba ta faru ba ba ta da hoto. Kansila yana ganin haka, yana kuma yin abin da zai dawo da shi kujera. Idan masu zaɓe suka fara tambayar ɗan takara kwana nawa famfo zai yi a tsaye a zamaninsa kafin a gyara, suka nemi ya faɗi lamba, lissafinsa zai canza.

Wuri na ƙarshe da ayyuka ke mutuwa shi ne ranar sauyin shugabanci. Sabon shugaba yana kallon abin da na baya ya gina a matsayin na abokin hamayya, takardun rijiyoyi da na garantin injuna suna tafiya gida tare da wanda ya sauka, makaniken da aka horar a mayar da shi wani sashe. Dokar ƙaramar hukuma za ta iya rufe wannan ƙofa da sakin layi ɗaya: shugaba mai barin gado ba zai karɓi haƙƙoƙinsa na sallama ba sai mai binciken kuɗi ya bi littafin kadarori layi-layi, ya ga kowane abu da idonsa, mai tafiya da mai shigowa sun sa hannu a kan halin da aka bar shi, an kuma ajiye kwafi ɗaya a wurin magatakardan majalisa inda duk ɗan gari zai iya neman gani.